Idan Asid Ya Yi Wa Ƙaramin Hanji Yawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da bayanin da kuka buga a shafin lafiya kan ƙwannafi da zafin ƙirji. Bayanin ya amfanar ƙwarai. Sai dai marubucin ya bi asid ɗin ciki ne zuwa sama, wato lokacin da yake tasowa ya ƙona maƙogwaro, bai bi shi zuwa ƙasa ba, alhali kuwa hanyar da asid yake bi kullum, bayan kowane cin abinci, ita ce ta ƙaramin hanji. A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin marasa lafiyar tiyata a nan Kumasi, da yawa daga waɗanda na ga an kawo su ranga-ranga saboda asid, a bakin ƙaramin hanji ne ɓarnar ta same su. Shi ya sa nake roƙon a ba ni fili in cike wannan gurbi.

Tumbin babban mutum yana fitar da ruwan narkar da abinci kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace rana, kuma a cikinsa akwai asid mai ƙarfi da ake kira haidirokulorik. Masana suna auna tsami da ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 14: ruwan sha yana wajen 7, ruwan tumbi kuwa tsakanin 1.5 da 3.5, kuma duk sauka ɗaya a ma'aunin ninki goma ne na tsami. Allah bai sa wannan asid a banza ba. Shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya tare da abinci, shi ke tayar da sinadarin fefsin mai fara yanka furotin ɗin nama da wake da ƙwai, kuma shi ke taimaka wa jiki ya ciro ayon mai ƙara jini da bitamin B12 daga abinci. Tumbi yana zaune da shi lafiya ne domin bangonsa a shafe yake da yauƙi mai kauri.

Ƙaramin hanji kuwa an yi shi ne don tsotsar abinci, saboda haka bangonsa mai laushi ne, cike da miliyoyin 'yan ƙananan tsiro waɗanda ta cikinsu abinci yake ratsawa ya shiga jini. Tsawonsa ya kai kimanin mita 6, amma wurin da maganarmu ta fi shafa shi ne santimita 25 na farko, wanda likitoci suke kira diyodinam. Tsakaninsa da tumbi akwai ƙofa ta tsoka wadda ba ta sakin abinci gaba ɗaya, sai ta buɗe ta tsarto kaɗan, ta sake tsukewa. Da zarar wannan damammen abinci mai tsami ya taɓa bangon hanji, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke wurin su saki wani sinadarin aike mai suna sikiritin cikin jini. Sikiritin yana isar da saƙo ga fankiriyas, wata doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ita kuma ta kwararo ruwa mai ɗauke da baikabonet ta wani ɗan bututu da ke haɗuwa da na maɗaciya kafin su buɗe a cikin diyodinam. Duk macen da ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san irin aikin da baikabonet yake yi a nan. Shi dai wannan sikiritin kuma yana sa tumbi ya rage fitar da asid, ya sassauta turo abinci, har sai na farko ya lafa. Cikin 'yar tazara kaɗan, tsamin da ya fito yana wajen 2 ya koma wajen 6.

Tun 1902 aka san wannan, lokacin da masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka yanke jijiyoyin saƙon da ke zuwa wani yanki na hanjin kare, suka zuba masa asid, sai suka ga fankiriyas ta fara zubo ruwanta duk da haka, suka gane cewa ta jini saƙon yake tafiya. Jiki yana da iyakar yawan asid ɗin da hanji zai iya karɓa, kuma ciwo yana farawa ne ranar da abin da ke sauka ya rinjayi abin da ke kashe shi, ko don asid ya ƙaru ko don kariyar ta yi rauni.

Kashe tsamin nan yana da dalili na biyu bayan kare bangon hanji, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Ainihin narkewar abinci a ƙaramin hanji take faruwa. Tumbi share fage yake yi. Fankiriyas tana aiko da sinadaran da ke farfasa sitacin tuwo da shinkafa da doya, da waɗanda ke ƙarasa yanka furotin, da kuma mai narkar da maiƙo, wanda ake kira lifes. Dukansu ba sa aiki sosai sai tsami ya kwanta, lifes kuwa ya fi su saurin lalacewa, domin idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 4 shi ke nan, ba ya farfaɗowa ko da tsamin ya lafa daga baya. Haka ma gishirin da ke cikin ruwan maɗaciya, wanda aikinsa shi ne ya tsinka maiƙo ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana yadda lifes zai iya kama shi: a cikin tsami dunƙulewa yake yi ya kwanta, ya bar man ja da man gyaɗa da kitsen nama su wuce ba a taɓa su ba. Maiƙon da bai narke ba yana gangarawa babban hanji, ya jawo ruwa, ya kawo kumburi da ƙugin ciki da gudawa. Bayan gidan irin wannan mutum yakan fito da yawa, fari-fari, mai maiƙo da mugun wari, yana yawo a saman ruwa, yana da wuyar korawa. Mutum yana ci amma yana ramewa, kuma bitamin A da D da E da K, waɗanda sai da maiƙo suke shiga jiki, suna bin bayan gida su fita.

Inda aka fi ganin wannan ƙarara shi ne wani ciwo da likitocin tiyata biyu na jihar Ohio a Amurka, Robert Zollinger da Edwin Ellison, suka bayyana a 1955, wanda har yau da sunayensu ake kiransa. Wani ɗan ƙari ne yake fitowa a bangon diyodinam ko a fankiriyas, ya riƙa zuba sinadarin gastirin cikin jini ba ƙaƙƙautawa, gastirin kuwa shi ne mai umartar tumbi ya fitar da asid. Sai asid ya riƙa kwarara dare da rana fiye da abin da baikabonet zai iya kashewa, har ya kai can cikin hanji inda bai saba zuwa ba, ya ƙona 'yan tsiron nan masu tsotsar abinci, ya buɗe gyambuna a wuraren da ba a saba ganinsu ba. Wasu masu wannan ciwo sukan daɗe suna fama da gudawa kafin a gano tushenta, kuma takan tsaya idan aka rage asid ɗin da magani. Ciwon ba shi da yawa, bai wuce mutum ɗaya zuwa uku a cikin miliyan ba a shekara, kuma gudawa mai maiƙo tana da wasu dalilai da suka fi shi yawa, kamar ƙwayar jiyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, ko ciwon fankiriyas ɗin kanta. Amma wanda gyambonsa yake dawowa duk da ya sha magani yadda ya kamata, ga kuma gudawa da rama, ya cancanci a auna masa gastirin a jini.

Abin da ya fi damunmu a zango shi ne gyambon bakin hanji, wanda muke haɗawa da na tumbi mu kira su duka olsa. Ciwonsa yana da al'adar da aka sani: zafi ko cizo a ƙahon zuci, awa biyu zuwa uku bayan cin abinci, ko kuma ya tayar da mutum daga barci da tsakar dare, ya lafa idan an ci wani abu. Dalili a bayyane yake. Muddin akwai abinci a tumbi, abincin yana shanye wani ɓangare na asid. Idan tumbi ya zama wayam sai zallan asid ya riƙa sauka a kan gyambon. Daga nan ne mutanenmu suka ɗauka cewa yunwa ce take kawo olsa, har za ka ji uwa tana yi wa ɗanta faɗa cewa rashin karyawa da wuri ne ya jawo masa. Yunwa tana tayar da zafin gyambon da yake nan, barkono da shito ma suna iya tayar da shi ga wasu, amma ba su ne suka haƙa shi ba. Mun bar jaki muna dukan taiki, muna hana mara lafiya yaji da tsami, muna ɗura masa koko da madara, alhali abubuwa biyun da ke haddasa mafi yawan gyambon suna nan ba a taɓa su ba.

Na farko ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa akwai ƙwayar da ke rayuwa a cikin tumbi duk da asid, kuma da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ta kama shi, bangon tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar tana ɓuya a ƙarƙashin yauƙin bangon tumbi, tana fitar da amoniya mai kashe asid ɗin da ke kewaye da ita. Idan ta zauna a ƙasan tumbi, kusa da ƙofar fita, takan raunana ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne su tsayar da asid idan ya isa, sai gastirin ya hau, asid ya ƙaru, ya riƙa sauka wa diyodinam fiye da ƙarfinsa. Bangon hanji, don ya kare kansa, sai ya sauya wasu wurare su koma irin fatar tumbi. Ita kuwa ƙwayar da ma irin wannan fatar take nema, sai ta ƙaura can ta kumbura wurin, baikabonet ɗin da yake fitarwa ya ragu, asid ya ƙarasa aikin. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, ta miyau ko amai ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma ta fi yaɗuwa inda mutane suke a cunkushe, irin gidajenmu na haya a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda iyalai da yawa suke tarayya a famfo ɗaya da makewayi ɗaya. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Korle Bu a Accra ya same ta a wajen mutum uku cikin huɗu na masu ciwon cikin da aka leƙa tumbinsu da na'ura. Mafi yawan masu ita ba za su taɓa yin gyambo ba, amma wanda ya yi, muddin ba a kashe ta ba, gyambon yakan warke ya dawo. Tun 1994 kuma sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Na biyu yana kan kantar kowane kemis. Magungunan ciwon jiki irin su daiklofenak da ibufurofen da asfirin da firoksikam kariyar suke rushewa: suna hana jiki yin wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda shi ne yake sa bangon tumbi da hanji su fitar da yauƙi da baikabonet, ya kuma kai musu isasshen jini. Wanda ya tsaya a kemis ɗin unguwa bayan sallar isha'i zai ga masu sayensu: masu tura baro da 'yan mata masu dakon kaya a kasuwar Kejetia, da direbobin keke mai ƙafa uku da muke kira pragya, da tsofaffin mata masu ciwon gwiwa. Na taɓa tsayawa kusa da wani saurayi, ƙurar siminti har a girarsa, ya ajiye kuɗi ya ce a ba shi na ciwon jiki mai ƙarfi iri biyu, sannan a ƙara masa na olsa guda ɗaya. Na ce masa, "Ɗana, tun yaushe kake shan waɗannan tare?" Ya ce, "Mma, in ban sha ba gobe ba zan iya tashi ba, in na sha kuma cikina ya hana ni barci, shi ya sa nake haɗawa." Ban ga laifinsa ba, domin da ƙarfin jikinsa yake ci da iyalinsa. Amma iri biyun da ya saya sunansu ne ya bambanta, aikinsu ɗaya ne, saboda haka haɗarin ne yake ƙaruwa. Ƙwayar maganin olsa ɗaya da ake sha jefi-jefi ba ta isa kariya ba, kuma waɗannan magunguna suna iya yi wa can cikin ƙaramin hanji rauni ta hanyar da maganin rage asid ba ya karewa. Farasitamol, idan an sha shi bisa ƙa'ida, ba ya yin wannan ɓarnar, kuma ga ciwon jikin gajiya da shi ya kamata a fara.

Gyambon bakin hanjin da aka bari yana iya ci har ya kai babbar jijiyar jinin da ke wucewa ta bayansa, sai mutum ya yi aman jini ko baƙin amai mai tsaki-tsaki, ko ya ga bayan gidansa ya koma baƙi wuluk mai danƙo da wari na daban. Idan ya daɗe yana warkewa yana dawowa, tabo yakan tsuke ƙofar, abinci ya kasa wucewa, mutum ya riƙa aman abin da ya ci tun jiya. Idan kuwa a bangon gaba yake, hujewa yake yi, kuma wannan ne na fi gani. Ana kawo mutum a kwance ba ya son ko motsi, gumi yana karyo masa, numfashinsa sama-sama domin ja mai zurfi yana ƙara masa azaba, cikinsa ya sandare ya ƙi taɓuwa. Hoton ƙirji yakan nuna siririyar iska a ƙarƙashin tantanin numfashi, a saman hanta, alamar cewa abin da ke cikin hanji ya zubo. Idan likita ya buɗe, sau da yawa hudar ba ta kai santimita ɗaya ba. Ya ɗinke, ya jawo tantanin kitsen ciki ya rufe wurin, ya wanke cikin da ruwan gishiri lita-lita. Wanda aka kawo cikin awannin farko yakan tashi ya koma gida bayan 'yan kwanaki. Wanda aka ajiye a gida ana ba shi jiƙo ana shafa masa mai ana jiran ciwon ya lafa, shi ne nake tunawa da ɓacin rai, domin kafin ya iso mugunya ta cika cikin, ƙoda ta fara gazawa, kuma ba duka ne suke fita da rai ba.

Sai maganar abin da muke sha don neman sauƙi. Ruwan kanwa yana kashe zafi nan take, babu musu, domin kanwa tana ɗauke da baikabonet da danginsa. Amma aikinsa na ɗan lokaci ne, haɗuwarsa da asid tana haifar da iska mai kumbura tumbi, ga shi cike da sinadarin sodiyam mai tayar da hawan jini, babu kuma wanda ya san adadin da yake sha a kowane jiƙo. Madara da nono ma suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya furotin da kalsiyam ɗin da ke cikinsu su sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Goro, wanda garinmu ya yi suna da fataucinsa tun kaka da kakanni, yana da kafeyin mai tayar da asid, haka ma shayi mai kauri da kofi, don haka mai gyambo ya rage su, musamman da sassafe kafin ya sa komai a cikinsa. Taba kuwa ta fi su duka illa, domin tana rage baikabonet ɗin fankiriyas, tana jinkirta warkewar gyambo, tana kuma sa ya dawo.

Omefirazol da danginsa masu rage asid magunguna ne na ƙwarai. Tun da wani maganin rage asid mai suna simetidin ya fito a 1976, sannan omefirazol a ƙarshen shekarun 1980, yanke wani ɓangare na tumbi saboda gyambo ya zama abin da ba a cika yi ba. Damuwata ita ce yadda muke shan omefirazol. Maganin yana rufe 'yan famfunan da ke fitar da asid ne a lokacin da abinci ya tashe su, don haka ana shansa kimanin minti 30 kafin karin kumallo, kullum, na makonnin da likita ya ƙayyade, yawanci huɗu zuwa takwas. Mu kuwa mun mai da shi abin jefawa a baki idan zafi ya taso, ko kuma mu yi shekara da shekaru muna sha ba wanda ya duba mu. Rage asid na tsawon lokaci shi ma yana da nasa: ayon da bitamin B12 da magnesiyam suna iya raguwa a jiki, ƙwayoyin cutar da asid ya saba kashewa kuma su sami hanyar wucewa hanji su kawo gudawa. Wanda ya daɗe yana sha ya yanke rana ɗaya, asid yakan dawo masa fiye da na da har 'yan makonni, ya ɗauka ciwon ne bai warke ba, ya koma kemis. Akwai waɗanda dole ne su daɗe a kansa, amma likita ne zai faɗi hakan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin yana iya rufe alamar sankarar tumbi har lokaci ya ƙure.

Kirana shi ne duk wanda ciwon ƙahon zuci ya zame masa abokin zama, ya nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar Helikobakta. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi su ne suke nuna ko ƙwayar tana nan a yanzu. Gwajin jini yana iya nuna alama ko da an riga an kashe ta, don haka ba a tabbatar da warkewa da shi. Sai an dakatar da omefirazol mako biyu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, kafin gwajin, in ba haka ba yana iya nuna babu alhali akwai. Idan an same ta, maganin haɗi ne na mai rage asid da masu kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, kamar amoksisilin da kilaritiromaisin ko metironidazol, yawanci na kwana 14. Ƙwayoyin maganin suna da yawa, wasu suna sa ɗacin baki da tashin zuciya, kuma da zarar zafi ya ɗauke mutane da yawa suke ajiyewa. Wannan ajiyewar ce take barin ƙwayoyin cutar da suka fi jure magani su hayayyafa, ta sa zagaye na biyu ya fi wuya da tsada. Bayan an gama da mako huɗu a koma a sake gwaji. Ya kamata kuma a sani cewa da yawa daga masu cewa suna da olsa, idan aka leƙa da na'ura ba a samun gyambo, kuma sanin hakan yana hutar da su daga shan maganin da ba nasu ba.

Game da watan azumi, mai gyambon da bai warke ba, ko wanda ya taɓa zubar jini ko hujewa, ya ga likita tun a Sha'aban, kada ya bari sai ciwo ya kayar da shi a goman tsakiya. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, ya sha ya rama a wasu kwanaki, kuma malamanmu su ne masu bayaninta. Wanda likita ya ce zai iya, ya sha maganinsa da ɗan tazara kafin sahur, kada kuma ya buɗe baki da maganin ciwon jiki ko taba ko goro a kan tumbin da ya wuni wayam.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: aman jini, baƙin bayan gida ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, da ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Wanda ya ga ɗayansu a tafi da shi asibiti, ko Manhyia ko Komfo Anokye, kada a ba shi ci ko sha a hanya domin mai yiwuwa ne a shiga da shi tiyata. Wanda ya haura shekara 55 kuma ciwon ya fara masa sabo, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, na'urar leƙa ciki yake buƙata. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da zafin ƙirji ya zo masa da gumi da sarƙewar numfashi, a duba zuciyarsa tukuna kafin a ce olsa ce.

Ina roƙon masu kemis na unguwanninmu, waɗanda yawancinsu 'ya'yanmu ne kuma su ne mutum yake fara gani kafin likita, su riƙa tambayar mai sayen maganin ciwon jiki ko yana da ciwon ciki, su ƙi haɗa masa iri biyu, kuma idan suka ga mutum ɗaya yana dawowa sayen omefirazol wata bayan wata, su tura shi asibiti. Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin mata su gayyaci ma'aikatan lafiya su yi wannan bayani da Hausa, musamman gab da azumi. A wajen suna da biki kuma a riƙa zuba wa baƙi ruwa da buta su wanke hannu da sabulu, a daina zagayawa da kwano ɗaya kowa yana tsoma hannu. Kai kuma, Malam Edita, ina fatan za ka nemi wani likitan ciki ya rubuto mana wuraren da ake yin gwajin wannan ƙwaya a Kumasi da Accra, da kuɗinsa, da abin da katin inshorar lafiya yake ɗauka a ciki, domin mai tura baro ba zai bar aikin yini ya tafi asibiti ba sai ya san abin da zai tarar.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Aboabo, Kumasi.